Yadda Ake Shuka Ciyawar Juncus kraussii, a Girbe Ta, a Saƙa Tabarma da Ita

A gaɓar tekun kudancin Afirka, tun daga yankin Cape har zuwa Mozambik, inda kogi ya gangaro ya haɗu da teku akan sami shimfiɗaɗɗiyar fadama wadda ruwan gishiri yake shiga yana fita, kuma a gefenta na sama, wajen da ruwan daɗi yake tsattsafowa daga tudu, akan tarar da wata ciyawa mai duhun kore ta yi cincirindo, ganyenta a miƙe tsaye, kowane ɗaya da tsini a kansa. Masana tsirrai suna kiran ta Juncus kraussii, sunan da masanin tsirrai Hochstetter ya ba ta a 1845 don karrama Ferdinand Krauss, Bajamushen da ya tattara tsirrai a Afirka ta Kudu daga 1838 zuwa 1840. Zulawa kuma suna ce mata incema, kuma da ita matansu suke saƙa tabarmin kwanciya da na zama da matatar giya. Tana nan kuma a Ostiraliya da Niyu Zilan da Kudancin Amurka, ko da yake masana sun raba ta gida uku saboda 'yan bambance-bambancen da ke tsakanin ta wannan nahiya da ta waccan.

Dalilin koyon noman ta a fili yake. Fadamun da take fitowa da kanta ba su da yawa, masu buƙatar ta kuwa suna da yawa, musamman a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu inda tabarmar incema take cikin kayan da amarya take raba wa dangin ango a bikin da ake kira umabo. Wanda ya iya shuka ta a gonarsa ya rage wa fadamar daji nauyi, wanda kuma aikinsa farfaɗo da fadamar da ta lalace ne, zai tarar ciyawa ce mai riƙe taɓo da tare zaizayar gaɓa. Abu guda ya kamata a riƙe tun daga farko, domin duk sauran aikin a kansa ya dogara: ran wannan ciyawa ba a ganye yake ba, yana cikin saiwar da take rarrafe a ƙarƙashin taɓo, don haka duk shawarar da za a yanke game da ruwa ko gishiri ko lauje, a fara tambaya yadda za ta shafi saiwar.

Tabbatar da cewa ita ce

Ba ƙaramar asara ba ce mutum ya shekara yana renon ciyawar da ba ita yake nufi ba, saboda haka a fara da gane ta. A tsinko ganye ɗaya a mirgina shi tsakanin yatsu. Na Juncus kraussii zagayayye ne sumul, ba shi da gaɓa ko ɗaya tun daga gindi har tsini, kuma idan aka tsaga shi da farce za a ga farar totuwa ta cika cikinsa ba tare da yankewa ba. Ciyawar da aka saba gani tana da gaɓoɓi, dangin aya kuma karansu yakan zama mai kusurwa 3, kuma yatsa yana jin kusurwoyin nan take. A gindin kowane kara akwai kube mai sheƙi, launinsa tsakanin ruwan zinariya da ruwan ƙasa mai duhu, kuma tsawon ciyawar yakan kai mita 1, a wuri mai daɗi har ya doshi mita 1 da rabi.

Furenta yana da nasa salon. Ƙanana ne masu ruwan ƙasa, suna fitowa a dunƙule a kan 'yan rassa, kuma mai kallo zai ɗauka daga gefen kara suka ɓullo, alhali a ƙarshen karan suke, abin da ya ci gaba ya wuce su wani ganye ne mai tsini da ya miƙe a kan layin karan. Kowane fure yana da ɓawo 6, kuma idan ya nuna yakan bar ɗan kwanso cike da iri. A kudancin Afirka lokacin furenta watannin zafi ne na can, wato daga wajen Oktoba zuwa Fabrairu.

Masu aiki a Ostiraliya suna da wata matsala ta daban, wato 'yar'uwarta Juncus acutus, wadda baƙuwa ce a can, kuma ta mamaye fadamu da dama ta kori 'yar gida. Ita wannan ta fi kauri da tauri, tsininta yana huda fata ba wasa, furenta a cure yake wuri guda, kwansonta kuma manya ne da suke zarce ɓawon furen sosai, yayin da na Juncus kraussii bai cika wuce tsawon ɓawonsa ba. Duk wanda ya yi shakka ya jira lokacin kwanso kafin ya ɗebi iri, domin a lokacin ne bambancin yake fitowa ƙarara.

Zaɓen wuri, da batun ruwa da gishiri

Nan ne mafi yawan masu farawa suke ɓata aikinsu, kuma kuskuren yana fitowa ne daga sunan mazauninta. Da yake a fadamar gishiri ake ganin ta, sai a ɗauka gishiri take so. Gaskiyar magana ita ce jure gishiri take yi, ba buƙatar sa take yi ba, kuma ta fi tsawo da yawan ganye a ruwan daɗi ko wanda gishirinsa kaɗan ne. Abin da ya sa ta yi kane-kane a bakin teku shi ne cewa ciyayin da za su fi ƙarfinta a ruwan daɗi ba sa iya zama a can. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma duk yadda ruwan da ke cikin taɓo ya matsa kusa da wannan adadi, haka girman ciyawar yake raguwa, ganyen ya gajarce, bakinsa ya bushe. Idan rana ta ƙafar da ruwa har gishirin taɓo ya wuce na teku, kuma hakan ya daɗe, sai ta fara mutuwa. Saboda haka mai noma don saƙa, wanda dogon ganye yake nema, zai iya yin fage a ruwan daɗi nesa da teku, amma ya sani cewa aikin da gishiri yake yi na korar ciyayi yanzu ya dawo wuyansa, da hannunsa zai yi shi.

Wanda zai dasa a bakin teku kuwa, babban abin da zai auna shi ne tudun wurin. Wannan ciyawa ba ta zama a ƙasan fadama inda teku yake rufewa sau 2 a kowace rana, mazauninta yana sama, inda sai babbar cikowar teku take kaiwa, wato wadda take zuwa lokacin tsayuwar wata da lokacin cikarsa. Hanyar da ta fi sauƙi kuma ta fi na'ura amana ita ce a nemi inda ciyawar take da lafiya a kusa, a kafa sanda a gefenta na ƙasa da gefenta na sama, a kafa wasu sandunan a wurin da ake son dasawa, sa'an nan a jira babbar cikowa a yi alama a inda ruwa ya tsaya a jikin kowace sanda. Idan aka gwada alamomin za a san daidai inda sabon wurin ya yi tudu ɗaya da tsohon. Tazarar santimita 10 ko 20 a tudu, wadda ido ba ya ko lura da ita a shimfiɗaɗɗen fili, tana iya raba dashen da zai kama da wanda zai ruɓe.

Yana da kyau a fahimci dalilin haka. Taɓon fadama ba shi da iska, saiwa kuwa tana numfashi kamar kowane abu mai rai, don haka ciyawar tana da 'yan hanyoyin iska a cikin ganye da saiwa waɗanda suke kai iska daga sama zuwa ƙasa. Muddin ganye yana saman ruwa, saiwar tana iya zama cikin jiƙaƙƙen taɓo wata da watanni. Idan ruwa ya shanye ganyen gaba ɗaya ya kuma daɗe a haka, hanyar ta toshe ke nan. Wannan ne ya sa ya kamata a binciki halin bakin kogin kafin a fara, domin koguna da yawa a Afirka ta Kudu da Ostiraliya yashi yakan rufe bakinsu na wani lokaci, ruwa ya taru a baya ya kwanta a kan fadama, ko kuma a shekarun fari ya ja baya ya bar gishiri. Tafkin St Lucia da ke gaɓar KwaZulu-Natal misali ne da ya isa a yi tunani a kansa: an raba shi da kogin uMfolozi a 1952, bakinsa ya rufe a 2002 ana cikin fari, gishiri ya yi yawa a sassansa matuƙa, kuma sai a 2012 aka sake haɗa shi da kogin. Ciyawar da ke gefen irin wannan ruwa tana bin duk abin da ya same shi.

Game da ƙasa ba ta da tsirfa, tana kamawa a yashi da laka da taɓo mai ruɓaɓɓen ganye, in dai danshi bai yanke ba kuma rana tana samun ta sosai. Sai dai akwai haɗari guda a tonon ƙasar bakin teku. Baƙin taɓo mai warin ruɓaɓɓen ƙwai sau da yawa yana ɗauke da sinadarin ƙarfe da farar wuta, wanda ba ya cutarwa muddin yana cikin ruwa, amma da an tono shi ya sha iska sai ya rikiɗe ya zama ruwan asid mai kashe tsiro da kifi. Idan aka ga ɗigo-ɗigon rawaya a jikin ƙasar da aka tono ta bushe, alama ce ta hakan. A irin wannan wuri kada a yi zurfin tono, kada kuma a tara taɓon a sama ya bushe.

Samun abin dasawa

Hanya biyu ce, raba saiwa ko shuka iri, kuma kafin ko wacce a nemi izini. Yawancin manyan fadamun incema a KwaZulu-Natal suna cikin wuraren da hukuma take karewa, kamar gandun iSimangaliso, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999, da gandun Umlalazi da ke Mtunzini. A Ostiraliya ma gwamnatin tarayya ta sa fadamun gishiri na gaɓar yankunanta masu matsakaicin yanayi cikin jerin mazaunan da ke fuskantar barazana a 2013. Tonon saiwa a irin waɗannan wurare ba tare da takarda ba laifi ne, kuma ko ba don doka ba, ramin da aka bari a fadama yana daɗewa bai cike ba. Ya fi dacewa a samo daga wurin masu renon tsirrai ko daga gonar wanda ya riga ya shuka, kuma idan farfaɗo da fadama ake yi, a nemi irin da asalinsa daga wannan yanki yake.

Raba saiwa ya fi sauri kuma ya fi tabbas. Ana tono gindi guda da shebur tare da taɓonsa, a yanka shi da wuƙa mai kaifi gida-gida, ta yadda kowane yanki zai tashi da guntun saiwa mai ƙwari, da jijiyoyinsa, da kara masu rai kamar 5 zuwa 10. A duba saiwar da kyau: mai lafiya tana da tauri, cikinta da haske, kuma a bakinta akan ga sababbin tsiro farare masu tsini, waɗanda su ne ganyen gobe, don haka a kiyaye kada a karya su. Wadda ta yi baƙi ta yi laushi a yar da ita. Sai a datse ganyen a bar kamar santimita 30, saboda jijiyoyin da aka yanke ba za su iya shayar da dogon ganye ba, iska kuma ba za ta sami abin kamawa ta tumɓuke dashen ba. Daga tonowa zuwa dasawa kada a bari saiwar ta bushe ko na sa'a guda, a rufe ta da jiƙaƙƙen buhu a ajiye a inuwa.

Shuka iri yana cin lokaci, amma shi ne hanyar samun dubban dashe ba tare da an taɓa fadamar daji ba, kuma tsiron da aka samu ta haka ba duk jini ɗaya ba ne, abin da yake da amfani idan cuta ko sauyin ruwa ya zo. Ana yanko kan furen idan kwanso ya yi duhu ya fara buɗewa, a zuba a jakar takarda, ba ta leda ba, a bar shi ya bushe a inuwa, sa'an nan a girgiza. Abin da zai taru a gindin jakar kamar ƙura yake, domin ƙwayar irin da ƙyar take kai milimita 1. Akwai ƙa'ida biyu da ba a karya su. Ta farko, irin yana buƙatar haske kafin ya tsiro, don haka ana barbaɗa shi ne a saman ƙasa a ɗan danna da tafin hannu, ba a rufe shi. Ta biyu, ruwan daɗi ake ba shi, domin gishiri yana hana shi tsirowa ko da uwar tana jure shi, kuma a daji ma sai bayan ruwan sama ya wanke taɓo ne 'ya'yan suke fitowa. Kada a yi ban ruwa ta sama, zai kwashe irin ya tara shi a gefe guda. A sa tukunyar ko faifan renon a cikin wani mazubi mai ruwa wanda ya kai rabin tsawonsa, ƙasar ta riƙa sha ta ƙasa. Cikin 'yan makonni za a ga tsiro siri-siri, kuma idan sun kai yadda yatsa zai iya kamawa sai a raba su cikin ƙananan tukwane, 'yan kaɗan a kowace.

Dashen da aka rena da ruwan daɗi kuma za a kai shi bakin teku yana buƙatar a saba masa da gishiri a hankali. A makonnin ƙarshe a riƙa ƙara ruwan teku kaɗan-kaɗan a cikin ruwan da tukwanen suke zaune, har ya kusa kai gishirin wurin da za a dasa. Na'urar auna gishiri ta hannu ba ta da wuyar aiki, kuma a ganina tana cikin abubuwan da bai kamata a yi ƙyashin saye ba. A auna ruwan da ya taru a ɗan ramin da aka tona a taɓo, ba ruwan da ke gudana a sama ba, domin na cikin taɓon ne saiwar take sha.

Dasawa da kulawar shekarar farko

A dasa a farkon lokacin ruwan sama na yankin, sa'ad da gishirin taɓo ya yi ƙasa, kuma a bakin teku a zaɓi kwanakin ƙaramar cikowa, wato lokacin da teku ba ya hawowa sosai, domin dashen ya sami 'yan kwanaki ya zauna kafin babban ruwa ya zo. Tazarar santimita 30 zuwa 50 tsakanin gindi da gindi ta wadatar, a matse idan ana gaggawar rufe ƙasa saboda zaizaya, a buɗa idan dashen ya yi ƙaranci. Zurfin ya zama daidai yadda tsiron yake a da, a danne taɓon da ƙafa ta kowane gefe har sai an ja ganyen a hankali an ji bai motsa ba. A gonar ruwan daɗi a daidaita fagen ya kwanta, a yi masa kunya a kewaye da mashiga da mafita, a bar ƙasa a jiƙe sharkaf ko da ɗan ruwa a kwance wanda bai wuce 'yan santimita ba.

A watannin farko ciyawar takan yi kamar ba ta motsi, har wasu ganyen su bushe, kuma bai kamata hakan ya tayar da hankali ba, domin aikin a ƙasa ake yin sa. Alamar kamawa ita ce sababbin tsiro a gefen gindi. Abokan gabanta a wannan lokaci su ne ciyayi masu saurin girma, musamman doguwar ciyawar nan mai gaɓoɓi da ake kira Phragmites australis, wadda take shigowa duk inda ruwa ya yi daɗi ta yi wa na ƙasa da ita inuwa, sai kuma shanu, waɗanda kofatonsu ya fi bakinsu ɓarna saboda yana farfasa saiwa a cikin taɓo mai laushi. A cire ciyayi da hannu tun suna ƙanana, a kuma yi shinge. Taki kaɗan yana taimakawa a gona, amma a fadamar bakin kogi a bar shi, domin ruwa zai kwashe shi ya ciyar da gansakuka da ciyayin da ake yaƙi da su. A shekarar farko kada lauje ya taɓa ta ko kaɗan.

Girbi

A St Lucia ana buɗe yankan incema a watan Mayu, na ɗan lokaci ƙayyadadde, kuma mata sukan zo daga nesa su kwana a wurin saboda shi. Lokacin ya dace da rayuwar ciyawar, domin zuwa Mayu ta gama fure ta zubar da iri, ganyen ya kai iyakar tsawonsa ya yi ƙwari, damina ta wuce, iskar hunturun can kuma busasshiya ce mai kyau ga shanya. Mai gona a wani yanki ya bi wannan ma'auni maimakon sunan wata, wato ya jira iri ya zuba kuma ruwa ya ja baya.

Akwai hanyar tsinka ɗaya-ɗaya da hanyar lauje. Tsinka da hannu yana da jinkiri, amma dogayen ganyen da ake so kawai ake ɗauka, ƙananan su ci gaba da ciyar da saiwa. Lauje yana da sauri, sai dai yana kwashe komai, dogo da gajere, ɗanye da busasshe, kuma bayan an tsince na kirki akan bar tarin da ba a so. Babbar ɓarnar ba a yankan take ba, tana cikin abin da ake yi da wannan tarin, domin idan aka watsar da shi a kan kututturen da aka yanka yakan danne sabon tsiro ya hana shi haske. A kwashe shi a fitar daga fadama, a yi tsincen a kan tudu. Wajen yankan kuma a bar kututture kamar santimita 10, kuma lallai ya kasance a saman ruwa, saboda idan ruwa ya rufe bakin da aka yanka, hanyar iskar nan da aka ambata ta yanke, saiwar ta shaƙe. Laujen ya zama mai kaifi sosai domin ya yanke maimakon ya fizgo gindin.

Ina ganin bai dace a aske fage gaba ɗaya kowace shekara ba, ko da ciyawar tana sake fitowa. A raba shi kashi biyu ko uku, a yanki ɗaya a bar saura su huta su yi iri, kuma idan aka lura tsawon ganyen bana bai kai na bara ba, to saiwar ce take sanar da cewa an matsa mata. A bi hanya ɗaya wajen shiga da fita maimakon a tattake ko'ina, kada kuma a sa wuta don share fage lokacin da taɓo ya bushe, domin zafin yana iya kaiwa ga saiwa. Mai yanka ya sa takalmin roba da safar hannu, ya kuma kiyaye idonsa sa'ad da zai sunkuya, saboda tsinin ganyen daidai fuska yake. A wurare irin su St Lucia akwai kada da dorina, don haka ba a shiga ruwa mutum ɗaya, ba a kuma saɓa wa umarnin masu gadin gandu.

Shanya da saƙa

Bayan yanka sai a kama dami ta wajen tsini a girgiza, gajerun su zube, a maimaita har a raba ganyen bisa tsawo. Mafi tsawo su ne na tabarmar kwanciya, domin tsawon ganye shi ne faɗin tabarma, matsakaita na tabarmar zama, gajeru kuma na ƙananan kaya. Karan da ke ɗauke da fure a ware shi, saboda yana da rauni a daidai inda furen ya fito. A baza su a rana a kan busasshiyar ƙasa ba tare da an tara su da kauri ba, a riƙa juyawa, a kuma kwashe da yamma kada raɓa ta sauka a kansu ta bar baƙin tabo. Idan kore ya koma ruwan ƙasa mai haske, ganyen kuma ya yi sauƙi a hannu, ya bushe. Sai a ɗaure dami-dami a ajiye a kan wani abu da ya ɗaga daga ƙasa, a ɗaki mai iska. Damin da aka ɗaure da sauran danshi fumfuna za ta ci shi daga ciki ba a sani ba.

Kafin saƙa a yayyafa wa ganyen ruwa a nannaɗe shi cikin jiƙaƙƙen ƙyalle na ɗan lokaci, domin ya yi laushi kada zare ya fasa shi. Ana iya ɗinke tabarma da allura, a huda ganyen ɗaya bayan ɗaya a zura zare ta cikinsu layi-layi, amma hanyar da ta fi yaɗuwa yanzu ita ce ta katako. Ana kafa doguwar sanda a kwance a kan ƙafafu, a yi mata tsaga-tsaga a tazara daidai, a rataya zare a kowace tsaga, kowane bakin zaren a naɗe shi a jikin wani abu mai nauyi, ɗaya yana lilo ta gaba ɗaya ta baya. Matan Zulu da yawa tsofaffin baturan tocila suke amfani da su, saboda nauyinsu ya yi daidai kuma zare yana zama a jikinsu. Masaƙiya takan ɗora ganye ɗaya ko biyu a kan sandar, ta ɗauki baturin gaba ta jefa baya, na baya ta dawo da shi gaba, zaren ya harɗe ganyen, ta bi tsagogin haka har ƙarshe, sa'an nan ta ɗora na gaba. Nauyin baturan ne yake ja wa zaren ƙarfi iri ɗaya, tabarmar kuma tana sauka ta bayan sandar a hankali.

Da yake gindin ganye ya fi kansa kauri, dole a riƙa juya su, wannan gindinsa dama, mai bi masa gindinsa hagu, in ba haka ba gefe ɗaya zai fi ɗaya tsawo tabarmar ta karkace. Layukan zaren da ke bakin tabarma a matso da su kusa da juna fiye da na tsakiya, domin daga baki warwarewa take farawa. Idan tsawon ya kai yadda ake so sai a ƙulle kowane zare sau biyu, a datse gefunan da wuƙa mai kaifi a kan katako su yi daidai, a shanya tabarmar a inuwa har danshin saƙa ya fita, sa'an nan a naɗe ta bisa kwanciyar ganyen, kada a ninke ta, a jingine ta tsaye ko a rataye ta inda ƙasa mai sanyi ba za ta taɓa ta ba.